Sharhi kan Ɓacewar Sauti a Kwamfutar Nesa da Wahalar Windows da Aka Datse

Mas'aloli biyu ne suke yawan kai mutane wurin masu gyaran kwamfuta, waɗanda a zahiri babu abin da ya haɗa su, amma wanda ya daɗe yana fama da su zai shaida cewa galibi a gida ɗaya ake tarar da su. Ta farko ita ce mutum ya shiga wata kwamfuta da ke nesa da shi ta hanyar Remote Desktop, ya ga allonta tsaf a gabansa, linzami yana tafiya, rubutu yana shiga, amma sauti ko ƙis babu. Ta biyu kuwa ita ce ya nemi ɗora wata Windows wadda wani ya taɓa ta bayan fitowarta daga kamfanin Microsoft, ya rage mata nauyi ko ya ƙara mata wasu abubuwa, sai ta ƙi ɗoruwa, ko kuwa ta ɗoru lafiya, sa'an nan bayan wata biyu a tarar wani sashe nata ba ya aiki. Abin da nake son in tabbatar shi ne, mas'ala ta farko tana da sababai ƙididdigaggu waɗanda ake iya bi ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi, matuƙar dai Windows ɗin cikakkiya ce. Idan kuwa datsattsiya ce, to bincike yakan ƙare ne a kan mas'ala ta biyu, kuma a nan hukunci ya sha bamban.

Asalin ƙa'idar da Remote Desktop take aiki da ita, wadda ake kira RDP, ya koma shekarar 1998, sa'ad da kamfanin Microsoft, bayan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Citrix a 1997, ya fito da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition, kuma a wancan zamani ba a ɗora mata komai ba face kai hoton allo ga mai aiki da mayar da bugun madannai da motsin linzami ga kwamfutar nesa. Sauti bai shigo ba sai tare da Windows XP a 2001, shi ma ta fuska ɗaya kaɗai, watau daga nesa zuwa kusa. Ɗaukar muryar mai magana daga makirufo ɗinsa a kai ta can kuwa, sai a 2009 aka same shi, tare da Windows 7 da Windows Server 2008 R2. Fa'idar sanin wannan tarihi ita ce, kowane ɗaya daga abubuwan nan an ƙara shi ne a matsayin kafa mai zaman kanta a cikin haɗin, hoto da tasa, sauraro da tasa, magana da tata, don haka ganin hoto ba hujja ba ne a kan lafiyar sauti, haka kuma jin sauti ba hujja ba ne a kan lafiyar makirufo, kuma wanda ya cakuɗa ukun a bincikensa zai yi ta zagaye a wuri ɗaya.

Akwai wani asali wanda rashin saninsa ya fi kowane abu ɓata wa masu gyara lokaci. Idan an shiga kwamfutar nesa aka nemi a kawo sautinta kusa, to ba ta amfani da na'urar sautinta ta haƙiƙa ko kaɗan. Windows takan ƙirƙiri wata na'ura ta majazi mai suna Remote Audio, kowace manhaja ta zuba sautinta a cikinta, ita kuma ta miƙa shi ga kafar da za ta ɗauke shi ta intanet. Shi ya sa sabar da aka yi haya a wani rumbun kwamfutoci na Jamus ko Amurka, wadda ba ta da lasifika kuma ba ta taɓa sanin katin sauti ba, take iya kunna karatu a ji shi ras a ɗakin mai hayar. Amma sau nawa aka ga mutum ya kwana yana sauke direban Realtek yana ɗora wa kwamfutar nesa, ya cire, ya sake ɗorawa, alhali direban nan ba shi da hannu a cikin al'amarin? Matakin farko na hankali shi ne a buɗe mmsys.cpl a cikin kwamfutar nesa a duba. In an ga Remote Audio, kuma ma'aunin korensa yana motsi sa'ad da aka kunna wani abu, to sauti ya fita daga can, sai a nemi illar a hanya ko a kusa. In kuwa babu shi sam, to kafar ce ba ta buɗe ba, sai a tambayi wa ya hana ta buɗewa.

Masu iya hanawa uku ne, kuma ya kamata a fara da mafi kusa domin shi ne mafi sauƙin dubawa. Manhajar da ake shiga da ita, wadda fayil ɗinta yake da suna mstsc, tana da zaɓi uku game da sauti: a kunna shi a wannan kwamfuta, ko a bar shi a waccan, ko kada a kunna shi ko'ina. A cikin fayil ɗin haɗi mai ƙarewa da .rdp, wanda rubutu ne zalla da ake iya buɗewa da Notepad, ana rubuta wannan zaɓi a layin audiomode, inda 0 yake nufin kusa, 1 nesa, 2 kuwa shiru. Layin audiocapturemode kuma shi ne na makirufo, kuma bisa al'ada a kashe yake sai an mai da shi 1. Ma'aikata da yawa fayil aka ba su daga ofis suna dannawa kawai, ba su taɓa leƙa cikinsa ba, ga shi kuwa wanda ya shirya shi ya rubuta 2 tun da farko domin ya rage wa layi nauyi. Sharaɗi ne kuma a sani cewa ana ƙulla waɗannan kafofi ne a lokacin shiga, saboda haka duk gyaran da aka yi ba ya aiki sai an fita an sake shiga, wani lokaci ma sai an rufe zaman gaba ɗaya, domin manhajar da aka bari a buɗe tun kafin haɗi takan ci gaba da riƙe tsohuwar na'ura, tana zuba sautinta a lasifikar ofis inda babu mai ji sai maigadi.

Mai hanawa na biyu shi ne sabis-sabis na kwamfutar nesa, watau ƙananan manhajojin nan da suke aiki a ɓoye, waɗanda ake ganin jerinsu a services.msc. Tun daga Windows Vista, sa'ad da aka sake gina tsarin sauti daga tushe aka fitar da mafi yawansa daga cikin zuciyar babbar manhaja, sauti ya rataya a kan sabis biyu, Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder, na farko ba ya tashi sai na biyu ya tashi, kuma a Windows 7 har da na uku mai suna Multimedia Class Scheduler. A kan Windows ta gida da ta ofis waɗannan suna tashi da kansu. A kan Windows Server kuwa, da yake an ƙaddara cewa saba ba wurin sauraron waƙa ba ce, Windows Audio ba ya tashi sai an tashe shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana kaso mai yawa na koke-koken masu hayar saba, waɗanda suke ganin jan kuros a kan alamar lasifika su ɗauka an sayar musu da abu mai aibi. Ana kuma duba sabis ɗin da sunansa ya ƙare da UserMode Port Redirector, wanda yake cikin iyalin Remote Desktop. Idan aka tashe sabis ya ƙi, lambar da ya bayar tana da ma'ana: 1068 tana cewa wani da yake dogara a kansa bai tashi ba, wannan kuwa mai gyaruwa ne, 1075 tana cewa wanda yake dogara a kansa babu shi ma a cikin kwamfutar, kuma wanda ya ga wannan lamba ya riƙe ta, za mu dawo kanta.

Na uku shi ne doka, wato abin da ake kira Group Policy, wanda shugaban sashen kwamfuta yake shimfiɗa wa duk injunan ma'aikata. A ƙarƙashin babin Remote Desktop Session Host akwai doka ɗaya ta halatta ɗaukar sauti da bidiyo, ɗaya ta halatta ɗaukar murya, ɗaya kuma ta iyakance ingancin sauti, kuma ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce hanin kwamfutar nesa yana rinjayar buƙatar ta kusa, ko da mai shiga ya zaɓi abin da ya zaɓa. A cikin rajistar Windows ana samun wannan hani da sunan fDisableCam, wanda na sauti ne duk da kamar na kyamara da sunan ya yi, da kuma fDisableAudioCapture na makirufo. 1 hani ne, 0 izini. A nan ina da nasiha ga ma'aikaci: in kwamfutar ta ma'aikata ce, gyara rajista da hannu wahalar banza ce, domin dokar takan sake sauka daga sama cikin kimanin minti 90 ta mayar da abin yadda yake, bayan kuma cewa ƙetare iyaka ne a kan amanar da ba tasa ba. Wasu bankuna da asibitoci da gangan suke toshe kafofin nan don kada bayani ya fita, sai a kai buƙata ga mai iko.

Makirufo yana da ƙarin wata ƙofa tasa. Daga sabuntawar Afrilu ta 2018, wadda ake kira 1803, Windows 10 ta faɗaɗa saitin sirri da yake hana manhajoji taɓa makirufo har ya shafi tsofaffin manhajojin tebur, don haka wajibi ne a buɗe wannan izini a wuri biyu, a kusa domin mstsc ta sami muryar, a nesa kuma domin manhajar da ake magana da ita ta karɓe ta. Wanda ya buɗe ɗaya ya manta ɗaya zai rantse cewa ya yi komai.

Sai kuma sautin da yake zuwa amma yana yankewa, ko yana makara har baki ya riga murya, wanda illarsa ta hanya ce. Sauti mai ingancin faifan CD, idan ba a matse shi ba, samfuri 44,100 ne a daƙiƙa, kowane samfuri bit 16, a kunne biyu, jimla kimanin megabit 1.4 a daƙiƙa, watau fiye da megabait 10 a minti ɗaya da fiye da 600 a awa. Wanda yake aiki da datar waya a Kano ko Maraɗi ya san abin da wannan yake nufi ga aljihunsa. Saboda haka aka ba RDP daraja uku ta inganci, kuma wadda take auna ƙarfin layi ta daidaita kanta ita ce ta asali, ita ce kuma na fi ganin dacewarta da irin layukanmu. Tilasta daraja mafi girma a kan layi mai rauni ba ya haifar da komai sai tsinkewa. Ban da faɗin layi akwai ɗabi'arsa. Hanyar TCP, wadda RDP take bi ta ƙofa mai lamba 3389, ba ta yarda ta miƙa wani ƙunshi ba sai wanda ya gabace shi ya iso, ta yadda ɓatan ƙunshi ɗaya yakan tsayar da duk na bayansa, abin da rubutu yake jurewa amma kunne ba ya jurewa; don haka aka ƙara hanyar UDP a RDP 8.0 cikin 2012. Idan katangar tsaro ta toshe UDP, haɗin yakan koma TCP ba tare da ya sanar da kowa ba. Akasin haka ma yana faruwa, domin akwai hanyoyin VPN da UDP ba ta jituwa da su, har kashe ta ya zama shi ne magani, kuma ba a sanin wanne ne sai an gwada duka biyun. Taron murya na Teams ko Zoom kuwa, in da hali, a yi shi a kwamfutar kusa, don babu hikima a tura murya ta je wata ƙasa ta dawo kafin ta kama hanyarta.

Masu Linux hukuncinsu gajere ne. Manhajar xrdp, wadda ake shiga Linux da ita ta RDP, ba ta kawo sauti da kanta, sai an ƙara mata wani sashe da ya dace da tsarin sautin injin, na PulseAudio dabam, na PipeWire dabam, kuma da yake Fedora ta koma PipeWire a 2021, Ubuntu kuma a fitowarta ta 22.10, bayanan gyara da yawa da aka rubuta kafin nan sun zama mansuhai. VNC kuwa, wadda ita ma hanyar shiga ta nesa ce, asalin ƙa'idarta ba ta ɗaukar sauti faufau.

To, idan an bi duk waɗannan, zaɓi daidai, doka ba ta hana ba, layi lafiya, amma aka je jerin sabis aka tarar wanda ake nema babu ko sunansa, ko aka ci karo da lambar nan 1075, sai a tambayi mai kwamfuta tambayar da ya kamata a fara da ita tun da safe: wace Windows ce wannan, wa ya ɗora ta, daga ina ya samo ta?

Ba na cikin masu zargin kowane mai taɓa faifan Windows, domin al'adar tana da asali na larura. A zamanin XP, faifan ɗorawa bai san sababbin rumbunan SATA ba, sai dai mutum ya danna F6 ya ba shi direba a kan fulofi, alhali kwamfutocin lokacin sun fara fitowa babu ramin fulofi, wanda bai yi haka ba kuwa ya gamu da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Manhajar nLite, wadda NTLite ta gaje ta daga baya, ta shahara ne saboda tana cusa direban a cikin faifan. Da mutane suka ga ana iya cusawa, sai suka ga ana iya cirewa, aka shiga fitar da TinyXP da Tiny7, har zuwa tiny11 a farkon 2023. Uzurin yau ya ma fi na jiya ƙarfi, domin Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta shar'anta TPM 2.0 da ram gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64 da furosesa na kusa-kusa, ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma ita ce wa'adin da aka yanka wa Windows 10, ga shi kuwa da yawa daga kwamfutocin da ɗalibai da 'yan kasuwarmu suke saye na hannu ne, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai kafin su iso. Mai gyara da aka kawo wa irin wannan inji, aka ce masa yana nauyi, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauko filashinsa ya ce akwai wata windo mara nauyi.

Sai dai taɓawa iri uku ce, kuma kuskure ne a yi musu hukunci ɗaya. Akwai ƙari, kamar cusa direba ko sabuntawa ko fayil ɗin amsoshi, wanda kamfanin da kansa ya tanadi kayan yinsa, irin su DISM da Sysprep, kuma da shi manyan ma'aikatu suke ɗora wa dubban injuna Windows iri ɗaya. Akwai kashewa, watau a bar sashe a wurinsa a hana shi tashi, wannan kuwa duk ranar da aka buƙace shi ana tashe shi. Sa'an nan akwai cirewa daga tushe, kuma a nan ne fitina take. Misalin mai cirewa kamar ɗalibi ne da ya ga littafin fiƙihu ya yi masa kauri, ya yaye babin da yake ganin ba ruwansa da shi, bai san cewa wani babi can gaba ya ce a koma wancan domin sanin sharuɗɗa ba. Littafin ya yi sauƙin ɗauka, amma ranar da mas'ala ta taso sai a tarar da ishara zuwa shafin da babu shi. Wanda ya datse Windows domin masu wasannin kwamfuta, a ganinsa Remote Desktop da sabis ɗin firinta da kayan bidiyo duk ƙari ne, alhali ga akawun da aka ɗora wa ita rukunai ne. Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga kamfanin kansa ta fito: bayan Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a watan Maris na 2004 ta kuma tilasta masa fitar da Windows marar Media Player, wadda ake yi wa alama da harafin N, sai ga manhajojin naɗar murya da na kiran bidiyo suna tuntuɓe a kanta har sai an ɗora Media Feature Pack. In wanda ya gina abu ya cire sashe ɗaya aka sami wannan, ina ga wanda ya cire hamsin bisa zato?

Abin da ya sa cirewa ba ta gyaruwa shi ne, Windows tana ajiye asalin kowane sashe nata a wata taska mai suna WinSxS, daga nan umarnin sfc yake ɗauko lafiyayyen fayil ya maye gurbin ɓatacce, a kan nan kuma kowace sabuntawa take ginuwa. Da yake taskar tana cin gigabait da yawa, ita ce masu datsewa suka fi kai wa wuƙa, har wasunsu suna faɗa a fili cewa abin da suka fitar ba ya karɓar sabuntawa, kuma wannan gaskiya abin yabo ce gare su. Wanda ya gudanar da DISM don gyara ya sami amsa 0x800f081f, ma'anarta an nemi asalin an rasa.

Duk da haka adalci ya wajabta a ce ba kowace gardamar ɗorawa ce laifin datsewa ba, kuma kafin a tuhumi faifan sai a wanke abin da ke kewaye da shi. Fayil ɗin da aka sauke a kan layi mai yankewa yana iya zuwa da rauni, ana kuwa gane haka ta gwada lambar SHA-256 tasa da wadda mai shi ya wallafa, ta umarnin Get-FileHash; in harafi ɗaya ya saɓa, a sake saukewa. Filashi na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana karɓar fayil kamar gaske sa'an nan ya ba da shara, kuma kuskure mai lamba 0x80070570 ko 0x8007025D a tsakiyar kwafi galibi daga filashi ne ko daga ram mai aibi. Tsarin FAT32, wanda kowace kwamfuta mai UEFI take iya tashi da shi, ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, fayil ɗin install.wim kuwa, musamman wanda aka cusa wa direbobi da manhajoji, yakan wuce haka, sai a raba shi da DISM ko a bar manhajar Rufus ta shirya filashin. Idan wurin zaɓen rumbu ya fito fayau babu komai, a kan injunan Intel daga ƙarni na 11 galibi direban RST ne ake nema, ko a kashe VMD a cikin BIOS. Windows 7 kuma ba ta san USB 3.0 ba, shi ya sa take kukan rashin direban CD a injin da ba shi da CD. Idan aka ce ba za a iya ɗorawa ba domin rumbun GPT ne, ko domin MBR ne, saɓani ne tsakanin yadda aka tashi filashin da yadda aka tsara rumbun: UEFI tana tafiya da GPT, tsohuwar BIOS da MBR. Maganin da ake yawan bayarwa, a danna Shift da F10 a shiga diskpart a rubuta clean, yana aiki ƙwarai, amma yana shafe rumbun dukansa har da ɓangaren da mai kwamfuta ya tara hotunan iyalinsa, alhali sau da yawa sake tashin filashin ta ɗaya hanyar ya wadatar.

Fayil ɗin amsoshi, autounattend.xml, shi ma ya cancanci a buɗe shi a karanta kafin a amince masa, domin yana iya ɗauke da umarnin shafe rumbu na farko ba tare da tambaya ba, yana kuma iya ƙirƙirar asusun shugaba da kalmar sirrin da wani ya sani. Idan ɗorawa ta tsaya bayan tashi na farko tana cewa ta kasa sarrafa fayil ɗin amsoshi, sau da yawa fayil ɗin yana ba da umarni ne ga sashen da aka riga aka cire. Ba a buƙatar duba ko hasashe, domin Windows tana rubuta abin da ya faru a setupact.log da setuperr.log cikin foldar Panther. Gwajin da yake yanke jayayya kuwa ɗaya ne: a ɗora faifan asali na Microsoft a kan injin nan da filashin nan. In ya wuce, laifin na datsattsiyar ne. In ya tsaya a wuri ɗaya, a nemi illar a ƙarfe. Akwai ma iyakar da dabara ba ta ƙetarewa, domin ana iya tsallake sharaɗin TPM, amma Windows 11 ta 24H2 tana buƙatar umarnin SSE4.2 a cikin furosesa, wanda ba shi da shi ba za ta tashi a kansa ba ko an yi yaya.

Ya rage maganar amana, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata nauyi ga mai Remote Desktop. Faifan da ba a san wanda ya haɗa shi ba riwaya ce daga majhuli, kuma babbar manhaja tana ganin kowace kalmar sirri da aka buga. A watan Yuni na 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya ba da rahoton wasu faifan Windows 10 na sata da aka ɓoye wa manhajar ɓarayi a ɓangaren EFI na rumbu, tana musanya adireshin asusun kuɗin kirifto sa'ad da aka kwafe shi. Ko da mai haɗawar mutumin kirki ne, kashe sabuntawa kaɗai ya isa musiba ga injin da ƙofarsa ta 3389 take buɗe: ramin da aka sa wa suna BlueKeep, wanda aka toshe a watan Mayu na 2019, yana ba baƙo damar shiga ba tare da kalmar sirri ba, har ya sa kamfanin ya fitar da gyara ga XP shekara biyar bayan ya sallame ta a 2014. Kafin nan, a Mayun 2018, gyaran CredSSP ya sa kwamfutocin da suka sabunta suka daina yarda su shiga waɗanda ba su sabunta ba, sai mutane suka bi shawarar sassauta tsaron lafiyayyar domin ta dace da marar lafiyar, maimakon su yi wa marar lafiyar magani.

Wanda yake son Windows mai sauƙi, ra'ayina shi ne ya sauke ta asali ya taɓa ta da hannunsa, ya tsaya a kan ƙari da kashewa, ya rubuta duk abin da ya canza, ya kuma gwada ta a kwamfutar majazi irin ta VirtualBox ko Hyper-V, gwajin da ya haɗa da shiga ta nesa da kunna sauti da magana a makirufo da karɓar sabuntawa ɗaya cikakkiya. Ma'aikatu kuma suna da fitowar LTSC, wadda kamfanin ya rage mata kaya da kansa. A lura kuma cewa fitowar Home tana iya shiga wata kwamfuta amma ba a shiga ta, sai Pro ko abin da ya fi ta. Wanda kuwa ya riga ya tsinci kansa da datsattsiya, yana iya jarraba ɗora ta asali a kanta daga cikin Windows domin ya tsira da fayilolinsa, in ta ƙi, kamar yadda takan ƙi idan an taɓa WinSxS, sai sabuwar ɗorawa. Kafin ya shafe komai, bayan ya kwashe fayilolinsa, ya fitar da direbobin injin zuwa wani filashi da umarnin export-driver na DISM, musamman na Wi-Fi, domin Windows 11 takan nemi intanet tun kafin ta gama ɗoruwa, kuma ba duk katin Wi-Fi ne faifan asali ya sani ba.